Bangon banɗaki mai fenti: a sassara a ɗora tayil, ko sai an kankare?

Wata malama ce ta aiko da tambaya a kan banɗakin mahaifiyarta. Gidan ginin bulo ne da ya haura shekara 20. An yi wa bangon shafen siminti, daga ƙasa zuwa daidai ƙirji an shafa koren fentin mai, daga nan zuwa sama kuma farin fentin ruwa. Tana so ta sa tayil don tsohuwa ta huta da dirzar bango. Mai tayil ya zo ya duba, ya ce ba sai an wahala da kankare fenti ba, zai bi bangon da guduma ya sassara nan da can, ya kwaɓa siminti ya ɗora. Hankalinta bai kwanta ba, shi ne take tambaya ko ta yarda.

Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan hidimar Mama. Kada ki yarda. Fentin nan sai ya fita, kuma bayan ya fita sai an duba abin da ke ƙarƙashinsa kafin tayil ko ɗaya ya hau. Na daɗe a harkar gini da gyaran gidaje, kuma yawancin tayil ɗin bango da aka kira ni na gani ya zubo, in na juya bayansa ba siminti ne ya gaza ba. Simintin na nan daram a jikin tayil, a bayansa kuma ga fenti kwance lafiya lau, ya baro bango ya biyo su.

Ki ɗauki abin a matsayin kaya hawa-hawa. Bulo ya riƙe shafe, shafe ya riƙe fenti, fenti zai riƙe siminti, siminti ya riƙe tayil. A cikin waɗannan duka, fenti ne kaɗai ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Kaurinsa bai wuce na takarda biyu ko uku ba, aikinsa ya riƙe kansa kawai. To yanzu mu auna abin da za a rataya masa. Tayil ɗin bango na siramik, irin mai santimita 25 da 40 da ya cika kasuwa, yakan kai kilo 13 zuwa 16 a kowace sukwaya mita. Idan da kwaɓin siminti da yashi za a ɗora, kamar yadda mai aikinki ya ce, kaurin kwaɓin yakan kai santimita 1 da rabi zuwa 2, wato ƙarin kilo 30 zuwa 40. Kin ga kowace sukwaya mita ta kusa nauyin buhun siminti guda mai kilo 50. Ƙaramin banɗaki mai mita 2 da mita 1 da rabi, in aka yi masa tayil har tsayin ƙofa, ya kai sukwaya mita 13. Buhu goma sha uku ke nan a tsaye, a ɗakin da Mama za ta riƙa shiga ita kaɗai tana dafa bango.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba ya zubowa a makon farko. Layin ƙasa yana zaune a kan daɓe, na sama yana zaune a kan na ƙasa, sai duk bangon tayil ɗin ya tsaya kamar faifai guda, alhali ya riga ya rabu da ginin. Mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kowa na yabawa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai a ga ciki ya fara turowa daga tsakiya, layin da aka cike tsakanin tayil da tayil ya tsattsage, wata rana a buga ƙofa da ƙarfi, guda shida ko goma su sauko tare. Gefen fasasshen tayil kuwa reza ne.

Akwai kuma wani abu da ya shafi fentin mai musamman. Kin san yadda ake sabulun salo, ruwan toka ne ake haɗawa da mai a dafa. Ɗanyen siminti ɗan'uwan ruwan toka ne, har ya fi shi kaifi, shi ya sa yake cin hannun leburori. Fentin mai kuwa, kamar yadda sunansa ya nuna, daga mai aka yi shi. Idan suka haɗu a wuri mai danshi, simintin yakan ci fuskar fentin a hankali ya mai da ita wani abu mai santsi kamar sabulu. Wato ko da fentin nan ya kama bango gam a yau, kwaɓin da za a ɗora masa ne zai lalata shi gobe, banɗaki kuma ba ya rabuwa da danshin da zai taimaka.

Batun sassarawa fa? Ba ƙarya mai tayil ya yi ba, sara yana da amfani, amma ki lissafa. Bakin guduma yakan cire wuri kamar faɗin kwabo, a ce santimita 2. Ko ya yi sara ɗari a kowace sukwaya mita, wanda ba kasafai ake kaiwa ba, abin da ya buɗe kimanin kashi 3 ne kawai cikin 100 na bangon. Sauran kashi 97 fenti ne. Sara an yi shi ne don bango mai sulɓi wanda ba shi da fenti, don kwaɓi ya sami wurin saƙale yatsu. Ba ya maye gurbin kankara. Ƙari a kan haka, duka da guduma a kan tsohon shafe yakan girgiza shi ya raba shi da bulo a inda da lafiyarsa ƙalau.

Kafin ki kira kowa, ki shiga banɗakin da kanki da abubuwa kaɗan: mukulli, ƙusa mai inci 3 ko 4, reza, salatif mai faɗi, tsumma da kofin ruwa. Ki fara ƙwanƙwasa bangon da mukullin, taki ɗaya bayan ɗaya, har da sama inda hannu zai kai. Shafen da ya kama bulo yana amsawa a taƙaice, ƙwas-ƙwas. Wanda ya rabu yana amsawa kamar ganga. Duk inda ya yi ganga ki zagaye shi da alli ko gawayi. Ki fi mai da hankali ga ƙasan bango, bayan famfo, da kewayen ƙofa da taga. Sannan ki jiƙa tsumma ki goga a kan farin fentin sama. Idan tsumman ya yi fari, to fentin mai araha ne ko ma farar ƙasa ce a ƙarƙashi, kuma wannan ko gardama babu, ruwa kaɗai ke narkar da shi. A kan koren kuma ki tsaga layuka da reza, a tsaye da a kwance kamar gidan dara, ki manna salatif ki danne, ki fizge da ƙarfi. In ya taho da ɓallin fenti kin ga amsa da idonki. In bai taho ba, wannan yana nufin kankarar za ta yi wuya ne kawai, ba yana nufin a bar shi ba.

Ƙusar kuma ta shafen ce. Ki kankare fenti a wuri kamar tafin hannu, ki karta ƙusar da ƙarfi. Shafe mai kyau zai ba ki farin layi siriri. Idan kuwa yashi ya riƙa zuba, ƙusa na nutsewa, to tun ranar gini aka yi rowar siminti ko ba a ba shi ruwa ya nuna ba. Shafen bango ana so ya zama kwanon siminti 1 ga kwanon yashi 4 zuwa 5, amma mun sha ganin inda aka ja buhu guda ya sha yashin da ya ninka haka. Irin wannan shafen ko babu fenti ba zai riƙe tayil ba, sai a sauke shi har bulo a sake.

Ki kuma lura da abin da zai fito tsakanin fenti da shafe. Idan kika ga wani farin gari mai laushi da farce ke iya kartawa, to an taɓa yi wa bangon sikiridin. Masu fenti a nan sukan kwaɓa farin garin silin da ake kira POP da fentin ruwa da farin gam, su shafe bango don ya yi sumul. A falo abin sha'awa ne. A ƙarƙashin tayil kuwa shi ne mafi haɗari a duk abin da na lissafa. Garin nan daga ma'adinin jifsam ake yinsa, yana shan ruwa ya yi laushi, kuma ba ya jituwa da siminti. In suka haɗu da danshi sai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da allura su tsiro a tsakaninsu, su kumbura, su ture tayil ɗin daga bango. A Ingila, inda yawancin ɗakuna da jifsam ake shafe su, ƙa'idar aikinsu ta kayyade cewa kada nauyin tayil da gam ɗinsa ya wuce kilo 20 a sukwaya mita a kan irin wannan shafe, kuma sai an fara shafa masa maganin da zai raba shi da siminti. Wannan fa shafe ne na gaske da aka yi a masana'anta. Namu na sikiridin da aka haɗa a bokiti bai kai nan ba. A kankare shi tas, har sai launin toka na siminti ya bayyana.

Yanzu ita kankarar. Fentin ruwa ba shi da wuya: a jiƙa shi sosai, a bar shi ya sha na ɗan lokaci, a bi shi da faffaɗan ƙarfen kankara da burushin waya. Fentin mai ne ke cin rai. Hanyar da ta fi sauri ita ce injin yankan tayil da aka sa wa faifan gurzar kankare mai kama da kofi. Mutum ɗaya zai iya gama ƙaramin banɗaki a yini guda. In babu inji ko babu wuta, to ƙarfen kankara mai kaifi da samfefa mai kaushi da haƙuri, kwana biyu ko uku. Maganin cire fenti na gwangwani yana aiki, amma ba na son sa a nan, domin yakan bar maiƙo a cikin ramukan shafe, sai an yi ta wanki kafin a rabu da shi. Abin da nake nema a ƙarshe shi ne, daga daɓe zuwa inda tayil zai tsaya, ido ya ga siminti. Ɗan ɗigon launi da ya maƙale a cikin ƙananan ramuka ba komai. Amma fili mai faɗin tafin hannu da fenti a kai, a koma masa.

A nan zan ɗan tsaya, don maganar ta fi tayil muhimmanci. Tsofaffin fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja da kore, da yawansu an sa musu dalma don launi ya fito kuma su bushe da wuri. Tana zaune lafiya muddin fentin na jikin bango. Ranar da aka gurza shi a bushe sai ta zama ƙura, ta sauka a tsakar gida, a kan kwanuka, a hannun yaran da ke rarrafe. Mu a Arewa mun san abin da ƙurar dalma ke yi. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, sanadin ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma guba ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Don haka a riƙa yayyafa ruwa ana kankara, a rufe ƙofar banɗakin, a toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tsumma, a buɗe taga. Mai aikin ya sa takunkumi na gaske mai lambar N95 ko FFP2, da tabarau, domin ƙurar siminti ita ma tana cin huhu. Yara da mai juna biyu da ita Mama su nisanci wurin. Ɓallin fentin a tattara a leda a ɗaure, kada a share shi zuwa tsakar gida, kada a zuba inda kaji ke tono. Kuma kada kowa ya ce zai ƙona fentin da wuta don ya yi laushi. Idan da inji za a yi, ruwa da lantarki ba sa haɗuwa, sai a yi a bushe amma a killace ɗakin sosai, a goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma bayan an gama.

Wani abu kuma kafin guduma ko inji ya taɓa bango: a gano inda bututun ruwa da wayar hita suka bi, a zana su da alli. Tunda gidan ya haura shekara 20, mai yiwuwa bututun ƙarfe ne a ciki, kuma irinsu sukan yi tsatsa daga ciki. In da hali, wannan ne lokacin canza su. A sa sababbi, a toshe bakunansu, a sake ruwa ya kwana a ciki, a tabbata babu inda ke tsatsafowa, sannan a rufe ramin. Na taɓa zuwa wani gida da aka gama tayil mai tsada, bayan wata biyu bangon ɗakin da ke maƙwabtaka ya fara kumfa, ashe mahaɗa ɗaya ce ke ɗiga a bayan tayil. Sai da aka fasa layi huɗu, kuma ba a sami irin tayil ɗin a kasuwa ba. Maigidan ya ƙare da bango mai kala biyu.

Bayan fenti ya fita, wuraren da kika zagaye da alli a sare su da cizal har bulo, a yanke gefensu a tsaye. A share ƙura, a jiƙa bulon, a watsa masa ruwan siminti mai kauri da aka haɗa da yashi mai kaushi, kwano 1 ga kwano 2, a bar shi ya kwana ya yi ƙaiƙayi, sannan a cike da kwaɓi 1 ga 4. Kada a goge fuskar ta yi sulɓi, a bar ta da kaushin katakon shafe. A riƙa ba ta ruwa safe da yamma na kwana uku zuwa bakwai, sannan a bar ta ta bushe. Sabon shafe yana ɗan tsukewa yayin da yake bushewa, kuma in aka ɗora tayil kafin ya gama tsukewa, shi zai ja, tayil ba zai bi shi ba. Mako biyu shi ne mafi ƙarancin jira. Na san wannan ne wurin da kowa ke ƙosawa, amma babu dabarar da ke gajarta shi.

Tsaga iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi da ta bazu kamar saƙar gizo-gizo, wannan a fatar shafe take, in wurin bai yi ganga ba ba ta da illa. Akwai kuma wadda ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ake ganinta ta ɗaya gefen bangon. Wannan ginin ne ke motsi, sau da yawa saboda ruwan banɗakin ko na masai ya daɗe yana jiƙa ƙasan harsashi. Tayil ba ya ɗinke irin wannan tsaga, tare za su tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. A nemo magini mai ido ya gano sanadin tukuna. Haka nan idan ƙasan bangon na fitar da farin gishiri, fenti na kumbura yana ɓarewa da kansa, ki manna leda mai faɗin taki biyu a wurin, ki rufe gefunanta da salatif, ki bar ta kwana biyu. In kika tarar da gumi a cikinta ta gefen bango, danshi na tasowa daga ciki, sai an toshe hanyarsa.

Ga masu karatu da gidansu ginin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti, lamarinku daban ne. Siminti ba ya auren ƙasa, jingina kawai yake yi. Irin wannan bango ko dai a kafa masa ragar waya da dogayen ƙusoshi a sake shafe, ko kuma, wanda ya fi, a tayar da siririn bangon bulo daga ciki a yi tayil a kansa.

Sai daidaito. A ɗora dogon katako ko ƙarfen alminiyon mai mita 2 wanda ya miƙe sosai, a tsaye da a kwance da a karkace. In da gam ɗin tayil za a yi aikin, wato wanda ake sayarwa a buhu don manna tayil a maimakon kwaɓin siminti, ramin da ke ƙarƙashin katakon kada ya wuce milimita 3. Inda ya wuce a cike tun yanzu. Gam ba abin cike rami ba ne.

Daga nan a wanke bangon. Banɗakin da aka yi shekaru ana wanka a ciki yana da maiƙon sabulu da man shafawa, kuma gurza ta bar ƙura. A wanke da ruwa da burushi, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Ki shafa tafin hannunki, in ya fito da gari ba a gama ba. Sai ki watsa ruwa da yatsu. In ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, akwai sauran abin da ya toshe bangon. In ya shige nan take kamar an zuba a rairayi, bangon na da ƙishirwa da yawa, zai tsotse ruwan gam kafin gam ya kama. Wanda ake so shi ne wuri ya yi duhu, ruwan ya shige a hankali.

Mai ƙishirwar nan ne ake shafa wa firaima, wato ruwan da ake fara shafawa don rage wa bango ƙishirwa, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi yawa. Za a ce miki a tsinka farin gam irin na kafintoci a shafa, wai yana ƙara kamu. Kada ki bari. Wannan gam ɗin yana da kyau a kan katako a busasshen wuri, amma a bango yakan kwanta ne kamar fata, in ya ji ruwa kuma ya koma laushi. Kin cire fenti ke nan kin mayar da ɗan'uwansa. Abin da za a nema a Kofar Ruwa ko Dei-Dei ko duk inda kike sayen kayan gini shi ne firaimar akirilik da aka yi don tayil, ko farin ruwan da aka rubuta SBR a jarkarsa. A tsinka shi yadda aka rubuta a jiki, a shafa siriri, ba a yi masa kauri har ya yi ƙyalli ba.

Mutane da yawa sun ɗauka tayil shi ne maganin ruwa. Fuskarsa ba ta shan ruwa, gaskiya ne, amma layukan da ke tsakani suna sha. Mu kuma wankanmu na bokiti ne, ga alwala sau biyar, ga wanki, ruwa na kai wa kowane bango. Saboda haka ina ba da shawarar a shafa maganin hana ruwa irin mai siminti, wanda ake haɗa gari da ruwansa a shafa da burushi. Hawa biyu ake yi, na farko a kwance, in ya sha iska na biyu a tsaye. Duk daɓen, da ƙasan bango aƙalla santimita 15 a kewaye, da bangon wurin wanka har mita 1 da santimita 80. Kusurwoyi da bakin magudana da inda bututu ya fito su ne ke fara yoyo, a nan ake nutsa siririn ƙyallen raga a cikin hawan farko. In an gama a toshe magudana a tara ruwa ya yi awa 24 a gani. Abin lura: fentin kwalta baƙi ba ya cikin wannan, tayil ba ya kama shi. Kuma in an shafa maganin hana ruwa, babu sauran sara, babu buga ƙusa, kuma da gam za a ɗora.

Wannan ya kawo mu ga siminti ko gam. Tsohuwar hanya, wato a jiƙa tayil a baho a ɗora da kwaɓin siminti, ba laifi ba ce, akwai banɗakunan da aka yi haka shekara 30 suna nan. Amma tana aiki ne da sharaɗi biyu: bango tsirara mai kaushi, da tayil na siramik mai shan ruwa, wanda bayansa ja ne ko ruwan ƙasa, in an ɗiga ruwa ya tsotse. Irin wannan yakan sha fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ta nan siminti ke shiga ya riƙe. Tayil na fosilin kuwa, irin manyan nan masu 30 da 60 ko 60 da 60, abin da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba. Ko ya kwana a baho bai sha komai ba, siminti zalla ba shi da inda zai kama. Kuma mai kaurin milimita 10 ya kai kilo 23 a sukwaya mita. Wannan sai gam. Ki duba jikin buhun: C1 na gama-gari ne, C2 ƙarfin kamunsa a gwaji ninki biyu ne, shi ake so ga fosilin da wurin ruwa. Harafin T na nufin tayil ba zai zame ƙasa ba, E kuma gam ɗin zai jure minti 30 a bango kafin ya yi fata, maimakon 20. Waɗannan mintuna a ɗakin gwaji mai sanyi aka auna su. A hunturunmu, ko a zafin Afrilu, rabinsu za ki lissafa. Ya shafa abin da zai rufe cikin minti goma kawai, in ya taɓa gam bai manne a yatsa ba ya kwashe ya zuba sabo. Kada kuma a ƙara wa gam siminti ko yashi don ya yi auki.

Ranar ɗorawa ki lura da abu ɗaya. Wasu sukan ɗora dunƙule biyar a bayan tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su manna. Yana da sauri, yana rage kaya, amma ya bar rami a baya inda ruwa zai kwanta, kyankyasai su yi gida. Da cokali mai haƙora ake shafa gam a bango, a ja layuka gefe guda, a danna tayil a ɗan murza. Manyan tayil a shafa musu siriri a baya su ma. Ki roƙe shi ya ɗaga guda ɗaya da ya manna yanzu ki ga bayansa, ya kamata gam ya rufe shi kusan duka. A bar tazarar aƙalla milimita 2 tsakanin tayil da tayil, kada a haɗe su baki da baki. Kusurwoyi da inda bango ya sadu da daɓe a cike su da silikon, domin nan ne gini ke numfashi.

Game da mai tayil ɗinki, kada ki ɗauke shi macuci. Da sukwaya mita ake biyansa, kwana ukun da zai yi yana kankara ba a lissafa masa ko sisi, shi ya sa kowa ke gudunta. Ki raba aikin biyu. Ki ce masa: "Malam, gyaran bango aikinsa daban, kuɗinsa daban, faɗi abin da za ka karɓa, ko ka kawo yaronka ya yi." In ya ga za a biya, da wuya ya ƙi. Ku kuma yi magana tun farko cewa ba za a buɗe kwalin tayil ba sai kin zo kin gwada bangon da ƙusa da ruwa.

Tunda don Mama ake yi, ki sa a kafa mata ƙarfen dafawa kusa da wurin wanka da wurin tsuguno. Dogayen ƙusoshinsa su ratsa tayil da shafe su shiga bulo, in ya faɗa ramin bulo a cike ramin da kankare tun lokacin gyaran shafe. Tayil ɗin ƙasa kuma a zaɓi mai kaushi, ki jiƙa shi a shago ki taka ki ji. Ki shirya mata wani wurin wanka na mako uku zuwa huɗu: kwana uku na kankara da gyara, mako biyu na jiran shafe, sauran na maganin ruwa da ɗorawa. Ana cike layukan da ke tsakanin tayil bayan awa 24 da gama ɗorawa, sannan a ƙara kwana uku kafin a fara zuba ruwa. Ki ajiye rabin kwali na kowane launi a ƙarƙashin gado. A gaida Mama, Allah ya ƙara mata lafiya.